Abin da Agogon Ya Ƙirga

Litinin, 7 ga Satumba 1998, da hantsi

Saura wata guda a fara ɗaukar soja a Kano. Bana Ɗanjuma zai shiga, ko ya so ko ya ƙi. Bara da na kai shi, a gudun farko ya zube a bakin kwalbati yana haki, aka ce ya tafi gida. Ɗan Sajan Maikano guda! Ni da na tsufa a cikin kaki, ɗana na fari ne aka kora kamar kaza. Har yau in na zauna teburin mai shayi a nan Tudun Wada sai wani ɗan iska ya tambaye ni ko kurtun namu ya gama hutawa. Ina yin shiru ne kawai don haƙoran manya ba sa sake tsirowa.

Jiya Ɗanasabe, ƙanen matata Balaraba, wanda ke sayar da gwanjo a Kano, ya kawo min wani baƙin agogo da ya tsinta a aljihun jaka cikin dilar kaya. Tare yake da ɗamarar roba da ake ɗaurawa a ƙirji, sai an jiƙa ta da ruwa take kamawa. A sama agogon yana nuna bugun zuciya, a ƙasa yana tara kalori, wato yawan abincin da jiki ya ƙone. Na san kalori tun a bariki, wani likitanmu ba shi da zance sai shi. Babu takardar bayani, amma Ɗanasabe ya yi ta danne-danne har ya gane kansa. In bugun zuciya ya sauka, agogon sai ya kama tsuwa kamar ɗan tsako.

“Yaya Sajan,” in ji shi, “wannan fa ba ya ƙarya. Turawa da shi suke auna ’yan gudunsu.”

Abin da nake nema ke nan. Yaro zai ce ya gaji, ya rantse, ya yi hawaye. Agogo ba ya cin rantsuwa.

Talata, 8 ga Satumba, bayan karin kumallo

Mun fita bayan Asuba, hanyar Falgore, shi a ƙasa ni a keke, dorina a rataye a kan keken. Iyakarmu babbar tsamiyar nan ta bayan gonakin rake, mu juyo. Na kafa doka: kalori ɗari takwas kafin koko. Ya dawo da ɗari biyar da ’yan kai. Na shanye kokona a gabansa, nasa na zuba wa akuya.

Alhamis, 10 ga Satumba, da hantsi

Na gano wani abu mai daɗi. Da zarar ya sassauta, agogon ya fara tsuwa. Da na shimfiɗa masa dorina ɗaya a gadon baya, tsuwar ta ɗauke nan take. To ina gajiyar? Ashe ƙarfin yana nan, ɓoye shi yake yi don ya cuce ni.

Asabar, 12 ga Satumba, da hantsi

Ɗari shida. Rago.

Talata, 15 ga Satumba, bayan Azahar

Yau da muka dawo bai shiga gida ba, ya tsaya a zaure yana murza hula.

“Baba.”

“Mene ne?”

“Nan wurin yana min ciwo.” Ya dafa kwatangwalonsa na dama, ya gangaro da hannu zuwa matsematsi. “In na taka, kamar ana soka min kusa.”

Na ce ya taka in gani. Ya taka. Na ce ya yi tsalle. Ya yi, fuskarsa ta yamutse kamar ya sha maɗaci. Na ce to ai ƙafar tana nan, ba ta cire ba. Mu da muka yi fareti da ƙurji a tafin ƙafa, jini na cika takalmi, wa muka kai wa ƙara? Na aika kyamis aka sayo man zafi da ƙwaya, na ce ya haɗiye biyu kullum kafin mu fita.

Balaraba tana tankaɗe a tsakar gida, duk ta ji. Ba ta ɗago ba. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa sa baki a maganarsa a gaban mutane ba. “Yaron nan” take cewa, ko “wancan”. Da tsohuwata tana raye da ita ce za ta tasa ni gaba da masifa a kan jikanta. Allah ya ji ƙanta, yanzu babu mai tare min hanya.

Alhamis, 17 ga Satumba, da hantsi

Ɗari bakwai da hamsin! Na ce a ba shi koko har da ƙosai.

Juma’a, 18 ga Satumba, bayan sallar Juma’a

Ɗari takwas ya wuce. Hanyar ita ce dai, tsamiyar ba ta matsa ba. Gaskiya yana daɗewa fiye da da, kuma gudun nasa ya zama wani iri, yana jefa ƙafar dama gefe kamar mai shure kare. Amma agogo ya ce aiki ya ƙaru, kuma tsuwar ma ta daina, tun daga ƙofar gida bugun yake sama. Jiki ne ya fara karɓa. Na faɗa wa mutanen teburin shayi su tanadi bakinsu.

Raina fari yau. Na daɗe ban ji haka ba.

Lahadi, 20 ga Satumba, bayan Magariba

Wani ya ajiye bokitin ruwan zafi da tsumma a ƙofar ɗakin yaron. Na tambaya, duk gidan babu wanda ya sani. Bokiti ya yi ƙafa ke nan. Na yi ƙwallo da shi, ya daki bango ya lotse, ruwan ya watsu har madafa. Na ce duk mai son ya mai da min ɗa mace ya fito ya faɗa da bakinsa.

Babu wanda ya fito.

Litinin, 21 ga Satumba, da hantsi

Ɗari tara. Ya yi amai a dawowa. Ba komai, mu ma mun yi.

Laraba, 23 ga Satumba, bayan La’asar

Ya ƙi zama a kan tabarma, a tsaye ya ci abinci, jingine da bango. Sallah ma na lura a zaune ya ƙarasa ta. Na yi kamar ban gani ba, don in na gani sai na yi magana, in na yi magana kuma hannuna ba ya tsayawa.

Alhamis, 24 ga Satumba, bayan Azahar

Da ido ɗaya nake rubutu, ɗayan ya kumbura.

Kafin mu kai tsamiya muka tarar da shanu suna tsallaka titi. Na Hamman ne, Bafulatanin da rugarsu ke gefen daji, mun san juna tun ina zuwa hutu daga bariki. Dole muka tsaya. Yaron ya samu dama ya ɗage ƙafar dama sama kamar zakara, yana riƙe da kafaɗar kekena. Na buge hannun.

Hamman ya gaishe ni, na amsa. Sai ya tsaya yana kallon Ɗanjuma.

“Sajan, kwana nawa ina ganin ku. Yaron nan da ƙafa ɗaya yake gudu.”

“Da huɗu kake so ya yi, irin shanunku?”

Ya yi dariya, bai ji haushi ba. “Wallahi ko saniya ce ta fara wannan tafiyar, a ruga nake barin ta. Ka bar shi ya kwanta mako biyu.”

Na ce ya kula da shanunsa, ni zan kula da nawa. Na ce wa yaron ya wuce. Bai motsa da wuri ba, na ɗaga dorina, sai na ji an riƙe ta ta baya. Tsohon nan ne ya riƙe min dorina. A gaban ɗana.

Ban san lokacin da na sauka ba. Na ba shi kai a baki, ya zauna a kan kwalta, jini ya ɓata masa gemu. Samarinsa biyu suka taso da sanduna, ɗaya ta same ni a gira, ɗaya a kafaɗa, na kama na kusa na murɗe masa hannu har ya yi ƙara. Shanu suka watse cikin masarar mutane. Ɗanjuma ya shiga tsakani yana “Baba don Allah, Baffa don Allah,” sanda ɗaya ta sauka a bayansa, ban san ta wa ce ba. Hamman ne ya tsawata wa yaransa da Fulatanci, suka ja baya. Ya tofar da jini, ya dube ni, ya bi shanunsa. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Daga nan muka juyo, rabin hanya ma ba mu yi ba. Abin mamaki, agogon ya ba da ɗari takwas da wani abu. Ƙila sanda ce ta taɓa shi. Na girgiza shi, na ga yana aiki lafiya.

Juma’a, 25 ga Satumba, da yamma

Gaban mai unguwa. An ce in ba da haƙuri, na bayar da baki. Ba a fita gudu ba.

Asabar, 26 ga Satumba, da hantsi

An rama gudun da ba a yi jiya ba.

Litinin, 28 ga Satumba, bayan Azahar

Ƙwaya biyu ba ta riƙe shi, na mai da ita huɗu. Da safe sai ya kama ƙafar da hannu biyu yake sauko da ita daga gado, na gani ta taga. Da ya ji motsina ya miƙe tsaye kamar ba shi ba. Wannan ya nuna min yana iyawa in ya ga dama.

Saura mako guda da ’yan kwanaki. In ya shiga, ya yi ta ciwonsa a can, gwamnati tana da likitoci. Ni dai ya shiga. Ya shiga kawai.

Dubu ɗaya saura kaɗan.

Laraba, 30 ga Satumba, da hantsi

Na fito da keke bayan Asuba na tarar da Balaraba tsaye a bakin zaure, ta tare ƙofa da jikinta. Maƙwabta suna dawowa daga masallaci, ƙofa a buɗe.

“Malam,” ta ce, “Ɗanjuma ba zai fita yau ba.”

Na ɗauka kunnena ne. Sunan ta kira, da ƙarfi, mutane suna ji. Shi kansa yaron da ke bayana sai da ya ja numfashi.

“Me kika ce?”

“Na ce Ɗanjuma. Ɗana. Ni na haife shi, kunyar ta ishe ni haka. Kwana yake yana cizon filo don kada ka ji. In kashe shi za ka yi, ka fara da ni.”

Na ce ta matsa. Ta ƙi. Na sake cewa ta matsa.

Na kawar da ita. Ba sai na rubuta yadda aka yi ba. Leɓe ne, zai warke.

Mun fita. Agogon bai yi tsuwa ko sau ɗaya ba. Dubu da arba’in, bai taɓa kai haka ba. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Da muka dawo babu wuta a madafa.

Alhamis, 1 ga Oktoba, da hantsi

Bai tashi ba.

Asabar, 3 ga Oktoba, Kano, barandar asibiti, bayan Azahar

Tun ranar Alhamis sai yau na sake ɗaukar biro.

Shekaranjiya, daf da tsamiya, ya tsaya cak. Bai faɗi ba, tsayawa ya yi, ya ce, “Baba, ba zan iya ba.” Bai taɓa faɗa min haka kai tsaye ba. Na sauka daga keke. Na ji wata ƙara kamar an karya rake, sai ga shi a ƙasa, tafin ƙafar dama yana kallon gefe. Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa daga bakinsa ba, na dai taɓa ji a wani wuri, a bakin wasu.

Na ce ya tashi. Na faɗa sau da yawa.

Hamman ne ya fito daga cikin dawa ya tare wata a-kori-kura mai ɗauke da masara. Shi da direban suka ɗaga shi suka shimfiɗa a kan buhuna. Bai dube ni ba, leɓensa har yanzu a kumbure. Na koma gida da gudu na ɗauko kuɗi da katinsa, suka jira ni a asibitin garinmu. Can aka ce wannan sai Kano.

Na zauna a bayan motar, kansa a cinyata. Babu wanda ya tuna ya cire masa ɗamarar, agogon ma yana hannunsa bai tsaya ba. Ni kuma idona ya saba, can yake zuwa. Yaro kwance, ko yatsa ba ya motsawa, gumi kawai yake yi yana kiran sunan Allah. Bugun yana sama kamar yana hawan tudu a guje. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya ƙara tashi. Kalori kuwa sai taruwa yake. Kafin mu wuce Kwanar Ɗangora ya haura dubu. Kafin mu shiga Kano ya ba da adadin da ko a mafarki ban nema ba, ga mutumin da bai taka ƙasa ba.

Na kife hannun don kada in gani, na sake juyo shi.

Lahadi, 4 ga Oktoba, da hantsi

Likitan yaro ne, bai fi Ɗanjuma da yawa ba. Ya ɗaga hoton ƙashin a jikin taga ya nuna min. Ya ce wuyan ƙashin cinya ne, inda yake shiga kwatangwalo. Ya ce ya daɗe da tsagewa, a hankali yake ci, kafin ya rabu gaba ɗaya.

“Baba, tun yaushe yake kukan wurin?”

Na ce an ɗan kwana biyu.

“Kuma yana gudu a haka?”

Na ciro agogon na nuna masa, na ce da ma’auni muke aiki, ba da ka ba. Ya jujjuya shi, ya danna wani wuri, ya ce nauyi da shekarun da ke ciki ma na wani ƙaton dattijo ne, mai shi na farko. Ya ce abin ba ya ganin ƙafa, zuciya kawai yake ji, daga nan ya yi ƙiyasi. Gudu ne, ciwo ne, zazzaɓi ne, tsoro ne, duk ɗaya ne a wurinsa.

Sai ya ɗaga zanen ya tambayi baƙin shatin da ke gefen cinyar. Kafin in buɗe baki Ɗanjuma ya ce dutse ya faɗa a kai. Likitan ya dube shi, ya dubi takalmina, ya rubuta abin da zai rubuta.

Lahadi, bayan La’asar

Ɗanasabe ya zo da kwanon abinci. Na tare shi a bakin ƙofa na shaƙe shi da bango har idonsa ya fito, ina cewa shi ya kawo min tsinannen agogo mai ƙarya. Masu gadi uku suka ɓanɓare ni. Da ya samu numfashi bai gudu ba.

“Ni agogo na kawo maka, Yaya Sajan,” ya ce yana tari. “Dorinar taka ce.”

Ya ɗauki kwanon ya shige wurin ’yar’uwarsa. Balaraba tun ranar Juma’a take gefen gadon. Sunansa take kira yanzu a gaban kowa, tana ba shi ruwa a baki. Ni ba ta ce min ko sannu ba.

Talata, 6 ga Oktoba, bayan Azahar

An yi aikin, an sa ƙarfe. Zai yi tafiya in Allah ya so, amma ƙafar ba lallai ta dawo daidai da ’yar’uwarta ba. Na tambayi maganar soja, ko baɗi. Likitan ya wuce gado na gaba.

Laraba, 7 ga Oktoba, da hantsi

Ina son in fasa wani abu. Babu abin fasawa a nan sai na mutane.

Alhamis, 8 ga Oktoba, kafin Magariba

Na sayo lemo da ayaba a bakin asibiti na shiga. Wata nas mai suna Rabi tana riƙe da wuyan hannunsa, tana kallon agogon ƙirjinta tana ƙirga bugun. Yana kwance lafiya, har da ɗan murmushi, uwarsa tana ba shi labarin wani abu. Na yi sallama. Ya amsa, ya ce, “Sannu da zuwa, Baba,” ya yi ƙoƙarin gyara kwanciya. Filon ya zame, na kai hannu in gyara masa. Ya kare fuskarsa da ɗaya hannun.

Nas ɗin ta saki, ta sake kamawa, ta sake ƙirgawa. Sannan ta ja ni gefe, da ladabi, murya ƙasa-ƙasa.

“Baba, don Allah ka ɗan jira a waje. Kwana uku ke nan ina lura. In ba ka nan bugunsa daidai yake, da ka shigo sai ya tashi. Yanzu hutu yake buƙata.”

Na ce ni ne ubansa. Ta ce ta sani.

Na ajiye ledar a ƙasan gado na fito. Ina kan benci a baranda, daga nan ina jin muryarsa kaɗan-kaɗan, sun ci gaba da hirarsu. An kira sallah. In na idar nan zan dawo in zauna.